Ajayil da takardun tuni: takarda ɗaya a bango za ta iya canza yadda masu tsara kwas suke aiki?

Duk mai leƙa tallan aiki a LinkedIn ya lura da wani abu a ƴan shekarun nan, da wuya kamfani ko ƙungiya su nemi mai tsara darussan onlayin ba su ƙara da cewa sai wanda ya iya aiki da tsarin Agile ba, wato ajayil, salon yin aiki kaɗan-kaɗan ana gwadawa ana gyarawa. Sai kaga mutane sun ruga sun biya kuɗin kwas, ko ofis ya kwashi ma'aikata a kai su otal a yi bita, a ci shinkafa a raba satifiket, ranar Litinin kowa ya dawo yana cewa yanzu mun zama ƴan ajayil. Bayan wata guda ka leƙa ka tarar an koma gidan jiya, sunayen mitin ne kawai suka canza. Daga nan ne wasu suka fara cewa ai ba ƙarancin bita ne matsalar ba, abin da mutane ke buƙata ƴar takarda ce mai zane a gabansu daidai lokacin da suke aikin, wasu kuma suka ce haba, ta yaya fosta za ta gyara abin da horo ya kasa. To ina gaskiyar take? Kuma in har takardar tana aiki, me ya kamata a zana a jikinta?

Su wa ake nufi da masu tsara darussa, kuma da me suka saba aiki?

Da yawa suna ɗauka malami ake nufi, alhali sau tari mai tsara darasi bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Aikinsa shi ne ya zauna da masanin fanni, likita ne ko akanta ko injiniya, ya tatso abin da ke kansa, ya yanke me ake so ɗalibi ya iya yi da hannunsa bayan ya gama kwas ɗin, sannan ya tsara darasi da atisaye da jarrabawa. Daga nan mai zane ya ɗauka, mai bidiyo ya ɗauka, mai ɗorawa a Moodle ko wata manhajar ya ɗauka. Tim ne guda, kowa aikinsa yana jiran na wani.

Tsarin da yawancinsu suka tashi a kai sunansa ADDIE, ya samo asali ne daga aikin da Jami'ar Jihar Florida ta yi wa sojojin Amurka a 1975. Matakai biyar ne: a binciki buƙata, a tsara, a haɗa kayan, a kai wa ɗalibai, a auna sakamako. A takarda babu laifi ko kaɗan. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ofisoshi suke gudanar da shi, ba a shiga mataki na biyu sai oga ya sa hannu a na farko, ba a shiga na uku sai an sa hannu a na biyu, ɗalibi kuwa baya ganin komai sai a na huɗu. Kamar telan da ya auna ka tun farkon azumi bai sake kiranka ka gwada ba sai daren sallah, ranar ne za ka gano wuyan rigar ya matse, yadi kuma an riga an yanka.

Kuma gyaran nan ba arha gare shi ba. Wani bincike da Bryan Chapman ya fitar a 2010 ya nuna cewa awa ɗaya ta darasin kwamfuta mai sauƙi tana cin kimanin awa 79 ta aiki, mai ɗan mu'amala da ɗalibi awa 184, mai kwaikwayo da wasanni kuwa har awa 490. Alƙaluman sun tsufa, kayan aiki sun ƙara sauri, amma sun isa su nuna maka dalilin da yasa idan aka gano kuskure a ƙarshe kowa yake kawar da kai a sake shi haka.

Ajayil ɗin fa, ba wai sauri ake nufi ba?

A'a, kuma nan ne mafi yawan rashin fahimtar take. Oga yana jin kalmar sai ya ɗauka aikin wata shida zai dawo wata biyu, ma'aikaci kuma ya ɗauka an daina rubuta tsari kowa ya yi abin da ya ga dama. Duk ba haka bane.

A watan Fabrairun 2001 wasu masu rubuta manhajar kwamfuta su 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah suka fitar da ƴar gajeriyar sanarwa mai ƙa'idoji huɗu da manufofi 12. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne mutane da hulɗarsu sun fi tsari da kayan aiki, abin da yake aiki ya fi tulin takardu, tafiya tare da mai aikin ya fi jayayya kan kwantiragi, sannan karɓar canji ya fi nacewa kan shirin farko. Ba su ce a yar da na biyun ba, cewa suka yi na farkon ya fi nauyi. A ƙarƙashin wannan laimar akwai hanyoyi daban-daban. Akwai Scrum na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, inda ake yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, yawanci ma sati biyu ake yi, a ƙarshensa dole a nuna wani abu da aka gama. Akwai Kanban wanda asalinsa daga masana'antar Toyota ne zamanin Taiichi Ohno, daga baya David Anderson ya shigo da shi aikin manhaja, shi kuma ƙarfinsa a kan allo ne da ƙayyade yawan aikin da ake riƙe da shi lokaci guda.

Masu tsara darussa sun ga abin ya yi musu amma bai zauna daidai jikinsu ba, don kwas ba manhaja bane. Shi yasa Michael Allen ya fito da wani tsari mai suna SAM a 2012, inda ake farawa da zama ɗaya na kowa da kowa a zana samfuri na gaggawa, a gwada, a gyara, a sake gwadawa, kafin a fitar da kwafin alfa, sai beta, sai na ƙarshe da suke kira gwal. Megan Torrance ita ma ta fito da nata mai suna LLAMA. Dukkansu magana ɗaya suke, ka nuna abu tun yana ɗanye ga wanda zai yi amfani da shi, tun gyaran bai yi tsada ba.

Wannan ɗin ne yake da wahala wallahi. Mutumin da ya shekara goma ana yaba masa saboda baya miƙa aiki sai ya goge shi tas, yau kace masa ya kai wa masanin fanni zanen fensir da muryar da ya ɗauka da waya, ai ji zai yi kamar ka ce ya fita ba riga. Ya fahimci bayanin a wajen bita sarai, ya ma ci jarrabawa, amma ranar Laraba da rana in ya zauna gaban laftof hannunsa tsohuwar hanya zai bi.

Ina takardar tuni ta shigo?

Takardar tuni ita ce duk wani abu da ke gaban ma'aikaci lokacin aiki yana gaya masa me zai yi ko me zai duba, don kada ya dogara da haddarsa. Tana iya zama kati, fosta, jerin abin dubawa, zanen in kaza ne yi kaza, ko hoto a fuskar waya. Bambancinta da horo shi ne horo yana so ya zuba abu a kanka kafin aiki, ita kuwa ta bar abin a waje ka ɗauka lokacin da kake buƙata. Abin dariyar ma shi ne masu tsara darussa su suka fi kowa sanin wannan, su ke yi wa wasu, masana harkar horo irin su Joe Harless da Allison Rossett sun daɗe suna nanata cewa kwasa-kwasai da yawa da takarda ɗaya aka yi da ta wadatar, amma da canji ya zo kansu sai suka tafi neman bita.

Tarihin abin ya fi bayyana a jirgin sama. Ranar 30 ga Oktoban 1935 sabon jirgin Boeing samfurin 299 ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a filin Wright da ke Ohio, ba don matuƙin bai ƙware ba, mantawa aka yi ba a saki makullin da ke riƙe da fikafikan sarrafawa ba. Maganin da aka kawo ba ƙarin horo bane, jerin abin dubawa ne kafin tashi, kuma jirgin nan shi ya zama B-17. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irinsa na ɗakin tiyata mai abubuwa 19, gwajin da aka yi a asibitoci takwas ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Mu ma a nan mun san abin ko da bamu sa masa suna ba. Tef ɗin nan na awon damtsen yara da ake gano tamowa da shi, mai ja da rawaya da kore, ja in bai kai santimita 11.5 ba, rawaya daga nan zuwa 12.5, kore sama da haka. A Mirriah ta jihar Damagaram ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata amfani da shi a gida, kuma suka iya, da yawansu ko boko basu yi ba. Dubi abin da tef ɗin ya yi, bai koya wa uwa ilimin abinci mai gina jiki ba, shawara ɗaya tak ya sauƙaƙe mata, in kai shi asibiti ko kada in kai. Duk mai son zana wa tim takardar ajayil ya riƙe wannan, don kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko manufofi 12 ɗin nan a jera su a fosta mai kyau a manna kusa da ƙofa. Ba mai karantawa, ko an karanta ma babu wata shawara da take taimaka maka ka yanke.

To me za a zana?

A ganina kafin a buɗe manhajar zane irin Canva sai an zauna an kalli tim ɗin suna aiki, a gano wuraren da tsohuwar ɗabi'a take fizgar su baya. Ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Na farko allon aiki ne, shi ne uwa. Bango ko farin allo a raba shi gida-gida, kowane ɗan aiki kati ɗaya, yana tafiya daga hagu zuwa dama. Alistair Cockburn, ɗaya daga cikin mutum 17 ɗin can, ya daɗe yana cewa bayani ya kamata ya riƙa dukan idon mai wucewa ba sai ya je ya buɗe fayil ba. Amma kada a kwafo gidajen masu manhaja na za a yi, ana yi, an gama. Aikin kwas yana da nasa tashoshin: yana jira, ana rubutawa, samfuri, yana hannun masanin fanni, gwaji da ɗalibai, an gama. Gidan nan na masanin fanni dole ya fito da kansa, don a nan ne aiki yake kwana. Likitan da aka ba shi darasi ya duba yana da marasa lafiya, lakcara yana da makin jarrabawa, darasinka shi ne na ƙarshe a lissafinsa. In babu gidansa a allo sai a riƙa ganin kamar marubuci ne yake jan ƙafa, in kuwa akwai, aka kuma riƙa ɗiga alama ɗaya a katin duk kwanan da ya ƙara a gidan, ranar da oga ya wuce ya ga kati da ɗigo tara ba sai an kai masa ƙarar kowa ba.

A saman kowane gida a rubuta lamba babba, iyakar katin da zai iya zama a ciki. Wannan lambar ce mutane suka fi ƙi kuma ita ta fi amfani. Lissafin mai sauƙi ne, John Little ya tabbatar da shi tun 1961: in kuna riƙe da darasi 12 a buɗe kuna gama uku a sati, kowane darasi zai ɗauki sati huɗu kafin ya fita, in kuka rage zuwa shida da ƙoƙari iri ɗaya sati biyu ne. Taura biyu dai bata taunuwa. In gida ya cika ba a fara sabon aiki, sai a je a taimaka a fitar da wanda ya maƙale, ko da kuwa kai marubuci ne aikin na mai bidiyo ne.

Na biyu katin "an gama". A Scrum wajibi ne tim ya amince da me ake nufi in an ce abu ya kammala, in ba haka ba marubuci yana nufin ya gama rubutu, mai bidiyo yana nufin ya gama ɗauka, manaja kuma ya je ya gaya wa mai kwantiragi an gama alhali ko ɗorawa ba a yi ba. Ga misalin yadda kati zai iya kasancewa, layi shida da akwatin tik a gefen kowanne: manufar darasin tana faɗin abin da ɗalibi zai yi, kowace tambayar jarrabawa tana da manufar da take aunawa, masanin fanni ya duba gaskiyar bayanin, an buɗe shi a ƙaramar waya da netwok mai rauni, bidiyon yana da rubutu a ƙasa, ɗalibi na gaske aƙalla ɗaya ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Shi kenan. Duk wanda zai matsar da kati zuwa gidan ƙarshe sai ya bi layukan nan, kuma a manna shi a jikin gidan ƙarshen, ba a cikin wata folda a Google Drive ba.

Na uku shi ne wanda nake ganin an fi sakaci da shi, katin mai dubawa. Ka kai wa masanin fanni samfurin farko, kana so ya gaya maka ko misalin majinyacin da ka kawo yana faruwa a zahiri, sai ya dawo maka da gyaran waƙafi da ƙorafin cewa shuɗin bai yi masa ba. Ba laifinsa bane, ba wanda ya gaya masa me ake nema a wannan zagayen. Rabin shafi ya isa: hoton matakai uku, samfuri da alfa da beta, a zagaye wanda ake kai yanzu da jan biro, a ƙasa gida biyu, hagu "duba wannan yanzu", dama "bar wannan sai gaba", sai ranar da ake so ya dawo da shi. A samfuri ana duba ko aikin da aka ba ɗalibi shi ne aikin gaske. A alfa ana duba gaskiyar bayani da jerin darussa. Rubutu da kala sai beta. Kati irin wannan yana kare mai dubawa daga ɓata lokacinsa, yana kuma kare mai tsarawa daga kunyar nuna ɗanyen aiki, tunda ga shi a rubuce cewa da gangan aka kawo shi ɗanye.

Sai taswirar zango, layi ɗaya mai kwana goma na aiki da alamar ranar shiri, ranar nunawa, ranar waiwaye da tim ke duba yadda zangon ya gudana, da tsayuwar minti 15 ta kullum, wato gajeren mitin da ake yi a tsaye. Wannan bata buƙatar dogon bayani. Abu ɗaya kawai, fostoci da yawa har yau suna ɗauke da tambayoyi ukun nan na me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare ka, alhali littafin jagoran Scrum na 2020 ya cire su, saboda sun mai da tsayuwar ta koma ba oga rahoto. Gara a rubuta "fara daga dama", wato a bi katunan da suka kusa fita tukuna.

Zanen kansa

Ƙwaƙwalwar da muke riƙe abu da ita na ɗan lokaci ƙarama ce, George Miller a 1956 ya ce wajen abu bakwai, Nelson Cowan daga baya ya ce ya fi kusa da huɗu. Aikin John Sweller da na Richard Mayer ya ƙara nuna cewa in ka raba hoto da bayaninsa, hoton a sama bayanin a ƙasa da ƴan lambobi, ƙarfin mai karatu a haɗa su yake ƙarewa, kuma ado marar aiki yana rage fahimta. Saboda haka kati ɗaya shawara ɗaya, rubutu a jikin abin da yake bayani a kai, kowane layi ya fara da aikatau, duba, kira, matsar. Hoton mutane suna tafa hannu da kwan fitila mai haske duk a cire.

Kala kuma kada a ɗora mata ma'ana ita kaɗai. A cikin Turawan arewacin Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 baya bambance ja da kore sosai, mu kuma a nan ko wannan bai dame mu ba firintar ofis baƙi da fari take bugawa, jan da koren duk toka za su fito. A haɗa da siffa ko kalma. Haka in tim ɗin a warwatse yake, wani a Kano wani a Abuja wani a Yamai, allon zai koma Trello ko Jira ko Miro, amma katunan a yi su hoto a tsaye wanda zai karantu a WhatsApp ba sai an ja shi da yatsa ba, kuma mara nauyi saboda data. Harshen ma wanda tim ke magana da shi a ofis, in da Hausa ake faɗa da juna a kan aiki babu dalilin da katin zai zo da turancin littafi.

Sannan kada kwafin farko ya yi kyau. Da maka a kan kwali za a fara, a yi zango ɗaya da shi, a ranar waiwaye a tambaya wane layi ne ba wanda ya kalla, a soke shi. In ka kai shi aka yi masa lamineshan tun ranar farko ba wanda zai iya cewa a canza, ka ga kenan an yi takardar ajayil da tsohon tsari. A sa kwanan wata a ƙasa da sunan wanda ke kula da ita.

Masu suka fa, me suke cewa?

Suna da hujja, ba hassada bace. Bayan nasarar jerin tiyatan can lardin Ontario na Kanada ya wajabta shi, da aka bincika asibitoci 101 aka buga sakamakon a 2014 ba a ga wani raguwar mace-mace na a zo a gani ba. Takarda iri ɗaya, sakamako daban, kuma bayanin da masana da yawa suka bayar shi ne inda aka ɗora wa mutane daga sama tik kawai suke yi su wuce. Haka allon ajayil yake, in manaja ne ya zana shi shi kaɗai ya kawo, zai zama wani sabon rajistan sa ido, mutane su riƙa matsar da kati don a gan su.

Masu kare ADDIE kuma suna cewa tun asali ba a ce a bi shi a miƙe kamar layin dogo ba, aunawa tana cikin kowane mataki, ofisoshi ne suka lalata shi, kuma wanda ya tsallake binciken buƙata da sunan ajayil zai yi ta zagaye yana gyara kwas ɗin da tun farko ba a buƙatarsa. Wannan gaskiya ne, na yarda da su ɗari bisa ɗari a nan.

Sai babbar, wadda ba takardar da za ta iya. In kwantiragin mai ba da tallafi ya ce darasi 40 ranar kaza kuma ba a biya sai an miƙa duka, in oga baya yarda a nuna wa kowa abu sai ya gani, in masanin fanni ba a rage masa wani aiki ba balle a biya shi lokacin dubawa, to allo zai nuna ciwon ne kawai. Nunawar ma wani abu ce, don da yawa sai sun ga katuna sun taru a gida ɗaya suke yarda akwai matsala, amma gyaran yana hannun mai sa hannu a kasafi. Akwai kuma abin da takarda bata koyarwa ko kaɗan, kamar yadda za ka ce wa farfesa babi ukun da ya fi so ba za su shiga kwas ba. Wannan sai an gani wajen wanda ya iya.

Me ya shafi ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci?

Tun bayan kullen korona a 2020 karatu daga nesa ya ƙaru a wajenmu, ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna wadda tun 1976 take wannan aikin, ga ƙungiyoyi masu horar da ma'aikatan lafiya da malaman firamare ta waya. Manhajar karatun da hukumar jami'o'i ta NUC ko ta ilimin fasaha ta NBTE suka amince da ita ba a canza ta duk sati biyu, amma yadda ake gina darasin a cikinta ana iya gwada shi da ɗalibai tun da wuri. Ribar ɗalibi ita ce layin nan na "an buɗe shi a ƙaramar waya", shi ne zai hana a ba shi bidiyo mai cinye datar sati a zama ɗaya. Sabon ma'aikaci kuma yana shigowa ya kalli bango ya gane inda aka kwana ba sai ya yi ta tambaya ana masa kallon bai iya ba.

Haɗarin shi ne a fake da ajayil a riƙa sakar wa ɗalibai kwas rabi da rabi ana cewa za a gyara a zango na gaba, musamman yanzu da manhajojin AI suke zubo darasi cikin minti kaɗan, rubutu ya yi arha dubawa kuma tana nan da tsadarta, gidan masanin fanni zai ƙara cika ne. Gwaji da mutum biyar da suka san gwaji ake yi daban, sakin abu ga mutum dubu daban. Darasin da ya ƙunshi adadin maganin da za a ba yaro ko yadda ake haɗa wayar lantarki, a katin "an gama" nasa layin masanin fanni sai an sa suna da sa hannu da kwanan wata, tik kaɗai bai isa ba, kuma baya fita daga gidan gwaji ko zango ya ƙare.